Masassara da kumburi a jikin bisa: daga ina suke fitowa, wace allura ce ke taɓa su?

Ƴan'uwa makiyaya da manoma masu kiwo na Lamorde, Kirkisoy da sauran unguwannin Harobanda, darasinmu na wannan karo ya shafi abin da kowa ya taɓa gani a garkensa. Saniya ta ƙi kiwo, ta daina tuƙa, hanci ya bushe, jiki ya yi zafi rau, wani lokaci maƙoshi ko hantsa su kumbura. Yawancin masu zuwa wurinmu abu guda suke nema, wai a yi mata "allurar sanyaya jiki". Allurar tana nan, kuma tana aiki. Sai dai wanda bai san abin da take taɓawa a cikin jiki ba, yana iya sanyaya saniyarsa yau, jibi ta mutu da sanyinta. Don haka za mu bi abin tun daga tushe. Akwai ƴan sunayen likitanci a ciki. Ba dole ba ne ku haddace su, hanyar muke so ku riƙe.

Cutar da za mu yi misali da ita

Mu ɗauki cutar kumburin maƙoshi ta shanu, wadda likitoci ke kira fastirelos. Cutar damina ce, kuma ta fi son bakin ruwa irin namu. Ƙwayar da ke kawo ta ana ce mata Pasteurella, ƙarama ce ƙwarai, sai an jera kusan dubu kafin su cika milimita ɗaya. Wasu shanun suna ɗauke da ita a can cikin maƙogwaro suna yawonsu lafiya lau. Idan wahala ta samu garke, ga rama ta ƙarshen rani, ga dukan ruwa, ga cunkoso, sai ta samu ƙofa ta shiga jini. Ku tuna da ambaliyar 2020, lokacin da kogin Isa ya fasa madatsa ya shigo Lamorde, aka kwashe bisashe aka cusa su wuri guda a kan tudu, cikin caɓi, ba isasshen abinci. Irin wannan hali shi ne abin da ƙwayar take jira.

Da ta shiga jini, zafin jiki ya kan haura digiri 41. Yawu yana dalala, ƙarƙashin haɓa da wuya har zuwa ƙirji su kumbura da zafi, numfashi ya koma kakari. Wata saniyar ba ta kai kwana ɗaya, wata ta kai biyu ko uku.

To ga tambayar: ƙwayar da ido ba ya gani, yaya take dafa jikin sa mai kilo 300 cikin yini guda? Amsar ita ce ba ita take hura wutar ba. Jikin san ne da kansa yake hurawa. Ita dai ƙwayar shaida kawai ta nuna.

Shaidar da ke jikin ƙwayar cuta

Kowane makiyayi yana gane baƙuwar saniya a cikin garkensa ta yankan kunne ko ta lambar wuta. Haka jiki yake gane ƙwayar cuta. Pasteurella da danginta, har da ƙwayar da ke cikin kashin shanu mai suna E. coli, suna sanye da wata riga. A bayan rigar akwai wani sinadari, rabinsa sukari rabinsa kitse, wanda babu irinsa a jikin dabba ko mutum. Ana kiransa andotoksin, mu kuwa a nan za mu ce masa dafin riga.

Wani likitan Jamus, Richard Pfeiffer, shi ya gano shi a 1892. Ya kashe ƙwayoyin kwalara da zafi, ya yi wa ƴan dabbobin gwaji allurarsu, sai ya ga matattun ƙwayoyin ma suna kashewa. Wato kenan dafin yana nan ko bayan ƙwayar ta mutu, kuma tafasawa ba ta lalata shi. Wannan yana da amfani a gare mu kai tsaye: kada wanda ya dama garin maganin allura da ruwan kogi ko na rijiya, ko da an tafasa shi. Tafasa tana kashe ƙwayar, amma rigarta tana cikin ruwan.

Masu gadi da ƙugiyoyinsu

A cikin jini akwai jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, akwai kuma farare, su ne sojojin jiki. Daga cikin fararen akwai wasu manya da ke zaune a hanta, saifa, huhu, hantsa da ƙarƙashin fata suna gadi. Aikinsu haɗiye duk wani baƙo. Likitoci suna ce musu makarofaji, ma'anarsa mai babban ci. Za mu kira su masu gadi.

A fatar kowane mai gadi akwai ƴan ƙugiyoyi dubbai da suka leƙo waje, gindinsu kuwa yana ciki. Kowace ƙugiya da irin shaidar da take kamawa. Wadda ke kama dafin riga an sa mata suna TLR4. An daɗe ana nemanta. Sai a 1998 Bruce Beutler na Amurka ya gano ta a jikin ɓeraye, bayan Jules Hoffmann na Faransa da abokan aikinsa sun ga irinta a jikin ƙuda a 1996. Su biyun suna cikin waɗanda aka ba kyautar Nobel ta likitanci a 2011. Kun ga ashe ilimin ba tsoho ba ne, dattawan da suka riga mu wannan aiki sun yi ta maganin masassara ba su san sunan ƙugiyar ba.

Abin lura a nan: dafin ba ya bukatar shiga cikin mai gadin. Daga waje yake taɓa ƙugiya, ƙugiyoyi biyu su haɗu, gindinsu ya motsa daga ciki. Kamar mai sallama ne a ƙofar zaure, bai shiga ba amma duk gida ya ji.

Kitsen da ke zama saƙo

Nan ne zuciyar darasin, sai a bi a hankali.

Kowace ƙwayar jiki tana lulluɓe da tantani siriri, a cikinta ma akwai wasu tantanin. Da kitse aka yi su. Ba kitsen tozo ko na gadon baya ba, wanda jiki ke ajiyewa don rani. Wannan kitsen gini ne, ko ramammiyar saniya tana da shi. A cikin ginin akwai wani ɗan zaren mai da ake kira asid arakidonik. Muddin yana ɗaure a cikin tantani, ba ya komai.

Idan ƙugiya ta motsa, abu na farko shi ne a farkar da wata wuƙa da ke kwance a cikin ƙwayar, sunanta fosfolifas. Wuƙar ba ta aiki sosai sai da kalsiyom, sinadarin nan na ƙashi da madara. Shi ma ta hanyar kitse ake sako shi: wasu ƙugiyoyin idan sun kama abinsu, sai a tsaga wani kitsen tantani gida biyu, rabi ya tafi ya buɗe rumbun kalsiyom da ke cikin ƙwayar, rabi ya tsaya a tantani yana tada sauran ma'aikata. Da kalsiyom ya watsu, wuƙa ta manne wa tantani ta fara yanke zaren arakidonik tana sakinsa.

Zaren da aka saki ɗanye ne, sai an dafa shi. Tukwane biyu ke jiransa. Ta farko sunanta koks, ita ke fitar da furostagalandin iri-iri da wani ɗan'uwansu turomboksan. Ta biyu tana fitar da lukotiriyen. Waɗannan su ne saƙonnin. Jiki ba ya tara su a rumbu, nan take ake yin su idan bukata ta taso, kuma ba sa daɗewa, wasu cikin daƙiƙu suke lalacewa wasu cikin mintoci. Kamar ƙaurin kitse ne a kan garwashi: yanzu ya cika unguwa, da an sauke nama kuma ya wuce. Saboda haka in kun ga masassara ta ƙi sauka, ku sani har yanzu ana yanka ana dafawa, wato shaidar ƙwayar cuta tana nan tana taɓa ƙugiya.

Da farko da ƴan tukwanen da ke nan ake aiki, cikin mintoci. Amma motsin ƙugiyar yana kaiwa har cibiyar ƙwayar, ya ba da umurnin a ƙera sababbin tukwanen koks masu yawa. Bayan awowi kaɗan girkin ya ninka. Shi ya sa saniyar da ka gani da ɗan sanyin jiki da hantsi, kafin la'asar ta zama wata aba.

Wani abin da zai ba ku sha'awa, raguna suna da hannu a wannan ilimi. Ulf von Euler na ƙasar Suwidin shi ya raɗa sunan furostagalandin a 1935, kuma daga gaɓoɓin haihuwa na raguna da aka tattaro a mahauta Sune Bergström ya tace shi tsantsa bayan shekaru fiye da ashirin.

Ina saƙon yake zuwa?

Wuri na farko, inda ƙwayar cuta take. Furostagalandin yana buɗe ƙananan hanyoyin jini, jini ya taru, wurin ya yi zafi. Bangon hanyoyin ya saki, ruwa ya tsattsafo cikin nama, kumburi kenan. Yana kuma sa jijiyoyin jin zafi su yi kaifi, har ɗan taɓi kaɗan ya sa saniya ta yi harbi. Shi kuwa lukotiriyen kira yake yi, yana jawo ƙananan sojoji daga cikin jini su biyo ƙamshinsa zuwa fagen fama. Mugunyar da kuke gani a ƙurji gawarwakinsu ce.

Wuri na biyu, ƙwaƙwalwa. A gindinta akwai ɗan wurin da ke riƙe da ma'aunin zafin jiki, shi ke tsayar da shi wajen digiri 38 da rabi a saniya. Masu gadi suna aika wasu manzanni ta cikin jini, in sun isa hanyoyin jinin ƙwaƙwalwa sai a dafa furostagalandin a can, shi kuma ya ɗaga ma'aunin zuwa 40 ko 41. Nan take jiki ya ɗauka sanyi yake ji. Gashi ya tashi, kyarma ta kama, kunnuwa da ƙafafu su yi sanyi don an janye jini zuwa ciki. Masu taɓa kunne su ce babu zafi, ku kula da wannan, kunne yana yaudara.

Masassara daidai gwargwado taimako ce. Zafin yana rage wa ƙwayoyin cuta da yawa saurin haihuwa, yana ƙara wa sojojin jini kuzari. Ni a ganina, dabbar da zafinta ya ɗan ɗaga amma tana ci tana sha, ba a gaggauta sanyaya ta. A nemi abin da ya kawo zafin.

Wuri na uku, huhu, kuma a nan bisashenmu suna da rauni na musamman. Shanu, tumaki da awaki suna da masu gadi da yawa manne a cikin ƙananan hanyoyin jinin huhu, abin da mutum da kare ba su da shi haka. In dafin riga ya cika jini, duk su tashi lokaci guda. Turomboksan ya matse hanyoyin jinin huhu, ruwa ya shiga inda iska ya kamata ta shiga, dabba ta miƙe wuya tana haki. A sauran jiki kuma hanyoyin jini sun saki, ƙarfin bugun jini ya faɗi, ta kwanta. A wannan matsayi, ihun masu gadi ya fi ɓarawon ɓarna. Zafin ma yana iya faɗuwa ƙasa da 38. In kun ga saniya kwance da kumburin wuya, jiki kuma ya yi sanyi, ba sauƙi ba ne, ƙarshe ne ya matso.

Akwai wata ƴar'uwar Pasteurella, Mannheimia, mai kawo ciwon huhu ga tumaki, awaki da maruƙa bayan doguwar tafiya a mota ko canjin wuri. Ita har wani dafi take fitarwa mai kama wata ƙugiya a fatar fararen ƙwayoyin jinin masu tuƙa kaɗai. Ya sa kalsiyom ya kwararo, wuƙa ta yi ta yanka, sojojin su yi ta kiran ƴan'uwansu suna fashewa a cikin huhu. Masu sayo raguna daga kasuwannin nesa, ga dalilin tarin da ke biyo bayan saukale.

Wuri na huɗu shi ne mahaifa, kuma shi ne ya fi ci wa mai kiwo dukiya a ɓoye. Bayan barbara, wani ɗan ƙullutu rawaya yana fitowa a gidan ƙwan uwar, shi ke fitar da sinadarin da ke riƙe ciki. Akwai irin furostagalandin guda da aikinsa shi ne narkar da wannan ƙullutu. Jiki yana amfani da shi don dawo da saniya neman sa in ba ta ɗauka ba, masu aikin ɗura wa shanu maniyyi da hannu ma allurarsa suke yi don shanu su nemi sa lokaci guda. To in dafin riga ya shiga jini, ko daga hantsa ne ko daga hanji, ana dafa wannan irin ma. Ƙullutu ya narke, ciki ya zube, alhali ƙwayar cuta ko kusa da ɗan tayin ba ta je ba. Akuya ta fi kowa haɗari, don ita da ƙullutun take dogara duk wata biyar ɗin cikinta. Saniya tana dogara da shi mafi yawan watanninta. Tunkiya kuwa bayan kamar wata biyu mabiyiya ta karɓi aikin. Saboda haka akuya mai ciki in ta yi masassara mai ƙarfi, kada a kwana ba a nemi malamin dabbobi ba.

Allurai iri uku, kowace da inda take tsayawa

Yanzu ku dubi hanyar: ƙwayar cuta, ƙugiya, wuƙa, tukunya, saƙo. Magungunan da ke hannunmu a wurare dabam-dabam suke tare ta.

Na farko masu kashe ƙwayar cuta ko hana ta haihuwa, irin su oksitetirasikilin da kuke kira oksi ko teramisin, da fenisilin da dangin sulfa. Su ne ke zuwa tushe. Ba sa taɓa wuƙa ko tukunya, shi ya sa zafi ba ya sauka nan take, sai ƙwayoyin sun ragu. Oksi mai dogon aiki, mai kashi 20 cikin ɗari, mililita 1 ake yi wa kowane kilo 10 a cikin tsoka, a raba wuri biyu ko uku in yawan ya kai. Saniya mai kilo 250 mililita 25 kenan. Masu yi mata mililita 5 don tsimi, kuɗinsu suke zubarwa, suna kuma koya wa ƙwayar jure magani. A cutar kumburin maƙoshi lokaci shi ne komai. In an yi allura tun zafi na farko ana samun nasara, in ta riga ta kwanta da wuya ta tashi, domin ko an kashe ƙwayoyin, rigunansu sun riga sun cika jini.

Na biyu masu toshe tukunyar koks: filuniksin, meloksikam, ketofurofen. Asfirin ma danginsu ne, kuma a kansa John Vane na Ingila ya gano wannan sirri a 1971. Su ne ainihin "allurar sanyaya jiki". Cikin awa ɗaya ko biyu zafi ya sauka, raɗaɗi ya ragu, saniya ta miƙe ta kai baki ga ciyawa. Alherinsu babba ne in an haɗa su da maganin kashe ƙwaya, don dabbar da ta ci ta sha ta fi saurin murmurewa. In su kaɗai aka yi, an rufe bakin mai kururuwa ne, ɓarawo yana cikin gida. Meloksikam mai miligiram 20 a mililita, ana yin mililita 2 da rabi ga kilo 100, sau ɗaya. Filuniksin a jijiya ake yinsa, aikin malami ne, kuma yawanci ba a wuce kwana 3.

Suna da nasu sharrin. Furostagalandin ba na cuta kaɗai ba ne, kullum akwai ɗan kaɗan da ke kare bangon ciki na huɗu, na ƙarshe kafin hanji, yana kuma riƙe jinin da ke ratsa ƙoda. In an toshe tukunya kwana da kwanaki, ciki yana gyambo. In dabbar ta bushe da zawo ko ƙishirwa, ido ya faɗa, ƙoda ce ke tafiya. A fara shayar da ita tukuna. Kuma ba a haɗa biyu daga cikinsu a dabba ɗaya.

Na uku dangin kortizon, wanda kuka fi sani da deksa. Wannan can sama yake tarewa: ya hana wuƙa yanka, ya hana a ƙera sababbin tukwane, ya kwantar da masu gadin kansu. Ga arha, ga saurin nuna aiki, shi ya sa ƴan tebur suke sonsa. Ni kuwa shi ne maganin da na fi tsoro a hannun wanda bai koya ba. Yana kwance wa sojojin jiki ɗamara a tsakiyar yaƙi. Yana rage nono. Abin da ya fi muni, in an yi wa saniya a watanni ukun ƙarshe na cikinta, ko akuya da tunkiya da suka kusa haihuwa, yana kawo naƙuda, ɗa ya zo bai isa ba, sau da yawa mabiyiya ta maƙale. Ku lura, akwai kwalaben da aka gauraya deksa da fenisilin ko da wani maganin ciwon gaɓɓai. In ba ka iya karanta kwalba ba, ka kai wa wanda ya iya, ka kuma faɗa masa ko dabbar tana da ciki.

Duk allurar da aka yi, akwai kwanakin jira kafin a sha nono ko a ci nama, an rubuta a jikin kwalba. Na meloksikam kwana 5 ne ga nono, 15 ga nama. Na oksi mai dogon aiki ya fi haka. Matanmu masu ƙetare gadar Kennedy da ƙwaryar nono sun san alama guda: madarar da ke da maganin kashe ƙwaya ba ta kama kindirmo da kyau.

A auna kafin a yi allura

Ma'aunin zafi ba shi da tsada, ya kamata kowane garke ya mallaki ɗaya. A shafa masa ɗan mai, a sa shi a dubura, a karkata shi ya taɓa bango don kada ya nutse cikin kashi. Na gilashi minti 2, mai batir sai ya yi ƙara. Da sassafe ake aunawa, kafin rana ta taɓa dabba. Shanu lafiyayyu suna tsakanin 38 da 39, in ya wuce 39 da rabi da safe masassara ce. Tumaki da awaki daga 38 da rabi zuwa kusan 40, abin da ya haura 40 abin dubawa ne. Raƙumi nasa dabam ne, in yana jin ƙishirwa yana iya tashi da 34 da asuba ya wuce 40 da yamma, lafiyarsa ƙalau.

Dalilin cewa da safe: a watan Afrilu da Mayu a nan Yamai, rana kaɗai tana ɗaga zafin dabba. Wannan zafin daga waje ya shigo, babu wuƙa babu tukunya a cikinsa, ma'aunin ƙwaƙwalwa yana inda yake. Allurar toshe koks ba ta da abin da za ta toshe. Inuwa, ruwan sha, da watsa ruwa a jiki su ne maganinsa.

Kuma a auna kafin allura, a rubuta ko a riƙe a ka. In an riga an yi filuniksin ko deksa sannan aka kira mu, ma'auni zai nuna 38 da rabi, mu kuwa ba mu da hanyar sanin zafin da aka ɓoye. Ku gaya muna abin da kuka yi da lokacin da kuka yi shi, ba faɗa za mu yi ba. In dabba guda ta nuna kumburin wuya, a ware ta, a auna duk sauran garken safe da yamma har kwana uku. Waɗanda zafinsu ya fara hawa su ne za a iya ceta.

Hantsa da ragon turke

Dafin riga ba sai da annoba yake shiga ba. Saniyar da ta haihu kwanan nan, tana kwana cikin caɓi da kashi, ƙwayar E. coli tana bi ta kan nono ta shiga hantsa. Ɓangare guda ya kumbura ya yi tauri, madara ta koma ruwa-ruwa rawaya, uwar ta yi masassara ta kwanta. A irin wannan, tatse ɓangaren sau da yawa a yini a zubar nesa da maraƙi magani ne babba, don kana fitar da dafin ne da hannunka. Sai ruwan sha mai yawa da allurar malami.

Masu turke ragunan layya, ku ma abin ya shafe ku. Ragon da ya saba da ciyawa aka tura masa dusa da gero ko ragowar tuwo lokaci guda, tumbinsa yana tsami, ƙwayoyin da ke taya shi narkar da abinci su mutu da yawa, rigunansu su ratsa bangon da ya ƙone su shiga jini. Bayan zawo da kumburin ciki, sai ka ga kofato ya yi zafi, rago yana ɗingishi ko yana kiwo a durƙushe. A riƙa ƙara dusa kaɗan-kaɗan cikin sati biyu zuwa uku, harawa ko ciyawa kuma kada ta yanke.

Maganar angulu

Akwai maganin ciwon jiki na mutane, dikulofenak, shi ma tukunyar koks yake toshewa, ana samunsa ko'ina, wasu suna yi wa shanu. A Indiya da Pakistan an yi haka shekaru. Shanun da suka mutu da maganin a jikinsu, angulaye suka ci, ƙodarsu ta lalace. Wasu irin angulayen sun ragu da fiye da kashi 95 cikin ɗari. An gano dalilin a 2003, a 2006 Indiya, Pakistan da Nepal suka hana yinsa don dabbobi. Da angulu ta ɓace, mushe ya riƙa ruɓewa a fili, karnuka suka yawaita. Meloksikam an gwada shi, ba ya kashe angulu. Filuniksin da ketofurofen kuwa suna yi mata illa. Dabbar da ta mutu bayan allura a binne ta da zurfi, kada a ja ta bakin kogi.

Rigakafi

Allurar rigakafin fastirelos matattun ƙwayoyi ne da rigarsu. Masu gadi suna ganin shaidar, su yi ɗan yanka da ɗan girki, shi ya sa wurin allurar yake ɗan kumbura, dabba ta yi sanyin jiki kwana ɗaya ko biyu, nono ya ɗan ragu. Wannan alama ce jiki ya karɓi darasi, kada a bi shi da deksa, za a goge abin da aka rubuta. Kumburin da za a kawo muna shi ne wanda ke ci gaba da yaɗuwa bayan kwanaki, musamman bayan rigakafin ciwon huhu na shanu.

Ɗakin binciken kiwo na ƙasa, LABOCEL, a nan Yamai yake, kuma yana haɗa wannan rigakafi. Kariyarsa ba ta shekara ba ce, wata huɗu zuwa shida take yi, kuma sai bayan kamar sati biyu da allura take kankama. Don haka lokacinsa shi ne watan Mayu zuwa farkon Yuni, kafin ruwa ya zauna. Shanun da ke kwana a fadama da masu cin burgu a bakin kogi, a maimaita musu bayan wata shida. Ku haɗa kai da mai unguwa ko garso ku tara garkuna rana ɗaya, domin kwalbar in an buɗe ta ranar ake ƙarar da ita, kuma cikin sanyi ake ɗauko ta.